An shiga yi wa Baba aikin ƙaba, sai aka tarar da afendis a ciki

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Mahaifina manomi ne ɗan shekara 63. Ya daɗe yana da ƙaba a gefen dama, tana saukowa, idan ya kwanta ta koma. Makonni uku da suka wuce ta sauko ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo ga zazzaɓi. Amma yana zagayawa lafiya, amai ma sau ɗaya ya yi, shi ya sa muka yi kwana biyu a gida. Da muka kai shi asibiti aka yi sikanin, aka ce aikin gaggawa ne, aka sa muka sayi raga. Bayan an fito sai likita ya ce afendis ya tarar a cikin ƙabar ya kumbura, ya cire shi, kuma bai sa ragar ba. Abin ya ɗaure mini kai. Afendis ba a cikin ciki yake ba? Me ya sa sikanin bai nuna ba? Anya ba kuskure aka yi aka fake da wannan ba? Kuma tunda ba a sa raga ba, ƙabar za ta dawo ke nan?"

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Abin da kake son sani shi ne yadda afendis ya bar mazauninsa ya shiga ƙaba, dalilin da ya sa ba a gane ba sai da aka yanka, ko cire shi da ƙin sa raga (saƙar zaren roba da ake shimfiɗawa don ƙarfafa wurin ƙaba) daidai ne, da kuma makomar wurin nan gaba. Bari in fara kwantar maka da hankali. Abin da likitan ya gaya maka sananne ne a fannin tiyata, yana da suna, kuma bisa yadda ka kwatanta, matakin da ya ɗauka shi ne wanda ni ma zan ɗauka da a hannuna Baba ya faɗo. Ban duba shi ba, ban karanta bayanin aikin da aka rubuta a fayil ɗinsa ba, don haka maganata ta tsaya ne a kan abin da ka rubuto.

Ta ina afendis ya bi

A ƙasan marar kowane namiji akwai 'yar hanya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, dab da inda cinya ta haɗu da ciki. Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa 'ya'yan marainansa suke tsirowa can sama kusa da ƙoda, sai a watannin ƙarshe su gangaro ta wannan hanya su sauka cikin jakarsu. Hanyar ba ta toshewa ruf bayan haka, domin bututun maniyyi da jijiyoyin jinin maraina ta nan suke bi har ƙarshen rayuwa. Idan naman wurin ya saki, ko don tsufa, ko don shekaru na ɗaukar kaya da yunƙuri da tari, sai tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ya turo ta ƙofar ya zama jaka, duk abin da ke kusa kuma ya faɗa ciki. Ita ce ƙaba, wadda idan ta girma har ta sauka jakar maraina ake ce mata gwaiwa. Tana da yawa ƙwarai. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na maza za su buƙaci wannan aiki a tsawon rayuwarsu, mata kuwa kimanin kashi 3.

Galibi abin da muke tararwa a jakar shi ne ƙaramin hanji, ko kitsen da ke shimfiɗe a kan hanji. To amma ka duba maƙwabtaka. Afendis siririn bututu ne mai toshe a ƙarshe, tsawonsa yawanci santimita 6 zuwa 10, na wani ma ya zarce haka sosai, yana manne da farkon babban hanji a ƙasan ciki ta dama. Gindinsa ne kawai a kafe. Kansa yana lilo, a wani mutum ya kwanta bayan hanji, a wani ya rataya ƙasa. Tsakaninsa da ƙofar ƙabar dama tazarar 'yan santimita ce. Idan mutum yana da dogon afendis, ko farkon babban hanjinsa bai manne sosai da bangon baya ba, ko ƙabar ta yi shekara da shekaru tana jan kayan ciki ƙasa irin ta Baba, shigar afendis cikin jakar ba abin mamaki ba ne. Sau da yawa ma ya daɗe a can, yana shiga yana fita tare da hanji, ko ya manne da bangon jakar, mai shi bai sani ba.

Likitoci suna kiranta ƙabar Amyand. Claudius Amyand likitan tiyata ne haifaffen Faransa da ya yi aiki a Landan, har ya zama likitan Sarki George na biyu. A watan Disamba na 1735, a asibitin St George, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 11 aiki. Yaron yana da ƙaba a dama, kuma ƙazanta tana tsiyaya ta wani ɗan rami tsakanin jakar marainansa da cinya. Da ya buɗe sai ya tarar da afendis a ciki, wani fil ya huda shi. Ya ɗaure gindinsa ya yanke, yaron kuma ya tashi. Wannan shi ne aikin cire afendis na farko da aka rubuta an yi nasara, fiye da shekara ɗari kafin a fara sa mutane barci don tiyata a 1846. Ka ga ke nan afendis ɗin farko da tarihi ya rubuta an cire cikin nasara ta cikin ƙaba aka ciro shi, yadda aka ciro na Baba.

Duk da haka abin ba ya da yawa. Cikin kowace ƙaba 100 irin wannan da aka buɗe, kamar a guda 1 ake samun afendis, kuma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Wanda ya kumbura a can ciki kuwa kamar 1 cikin 1,000 ne. An fi ganinsa a ƙananan yara, saboda hanyar da maraina suka bi ba ta gama rufewa ba, sannan a dattawa. Kusan kullum a dama yake. In aka gan shi a hagu, to ko dai farkon babban hanjin yana yawo fiye da kima, ko hanjin bai juya daidai ba tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, ko mutum yana cikin 'yan ƙalilan da kayan cikinsu suke a juye, na dama a hagu.

Dalilin kumburinsa ma ya ɗan bambanta da na afendis da aka saba. Na yau da kullum yawanci toshewa yake daga ciki, busasshen kashi ko kumburin nama ya rufe bakinsa. Wanda ke cikin ƙaba kuwa daga waje ake matse shi. Ƙofar ƙabar ce take shaƙe shi, kamar yatsan da aka ɗaure da zare: jini ya kasa komawa, ya kumbura, kumburin ya ƙara matsi, daga baya jinin da ke shigowa ma ya tsaya, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su sami dama, ya yi mugunya, in an bar shi ya ruɓe ya fashe.

Abin da ya sa ba a gane ba kafin a yanka

Ciwon afendis yana da labarin da kowane likita ya haddace: ciwo ya fara a wajen cibiya, ya koma ƙasan ciki ta dama, abinci ya fita daga rai, ga tashin zuciya da ɗan zazzaɓi. Idan yana cikin ƙaba sai kumburin ya danne wannan labari. Abin da likita zai gani shi ne ƙulli mai tauri, mai zafi, da ya ƙi komawa. Duk wanda ya ga haka zai ce ƙaba ce ta shaƙe, kuma bai yi kuskure ba, domin ta shaƙe ɗin. Abin da ke ciki ne kawai bai sani ba. A matashi zai yi tunanin murɗewar maraina, a wani ya yi tunanin sanyi ne ya kumbura maraina, ko kaluluwa ce ta yi mugunya. Afendis yana can ƙarshen lissafi, kuma mafi yawan waɗanda aka ba da rahotonsu a duniya a kan teburin tiyata aka gano su.

Sikanin yana iya nunawa, amma sai an dace. Mai yin hoton sai ya ɗora na'urar a kan kumburin kansa, ya ga bututu, ya bi shi har ya tabbatar ƙarshensa a toshe yake, gindinsa kuma yana haɗe da babban hanji. Iskar da ke cikin hanji tana tare hoton, mara lafiya ba ya jure dannawa, kuma kumburarren afendis yana kama da ƙaramin hanjin da ya motse. Hoton CT, wato na babban injin da ake shigar da mutum ciki ya ɗauki hoton cikin jiki dalla-dalla, ya fi shi nesa ba kusa ba wajen wannan. Sai dai ko a ƙasashen da injin yake a kowane babban asibiti, ba dole ne a yi wa mai shaƙaƙƙiyar ƙaba CT ba idan alamunta sun bayyana, domin ko me hoton ya nuna tiyata za a shiga. A wurinmu kuwa, inda sau da yawa sai an yi tafiya zuwa wani gari an kuma haɗa kuɗi, ni ba na tura irin wannan mara lafiya neman CT. Awannin da za a ɓata a hanya sun fi hoton tsada. Ina neman CT ne idan labarin bai haɗu ba, ko ina zargin wani abu dabam a cikin ciki, kuma injin yana kusa.

Akwai wata magana a tambayarka da nake so mu tsaya a kanta, domin ita ce ta fi damuna. Ka ce Baba yana zagayawa, shi ya sa kuka yi kwana biyu a gida. Ba ku kaɗai ba ne, haka mutane da yawa suke auna abin, har da wasu ma'aikatan lafiya. An saba jin cewa idan ƙaba ta shaƙe ciki yana kumbura, amai ya yi yawa, bayan gida da tusa su tsaya. Haka ne idan hanjin da abinci ke bi ne ya toshe. Afendis kuwa reshe ne a gefe, abinci ba ya bi ta cikinsa. Zai iya ruɓewa sarai a cikin ƙaba alhali mutum yana cin abinci yana zagayawa. Haka ma idan kitse ne ya maƙale, ko gefe ɗaya kawai na bangon hanji ƙofar ta cije. Saboda haka zagayawa ba shaidar aminci ba ce. Ƙabar da ta saba komawa, yau ta ƙi, kuma tana ciwo, ranar ake zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne. Hanjin da jini ya yanke masa yana iya mutuwa cikin kamar awa 6.

Kada kuma a danne ta da ƙarfi don ta koma. In abin da ke ciki ya riga ya ruɓe, an tura guba ne cikin ciki, kumburin ya ɓace a ido, mutane su ce an samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ciki ya ɗaure. Kada a bari kowa ya tsaga ta da aska da sunan ƙurji ne ya nuna. Na karɓi waɗanda aka yi wa haka a gida, suka zo kashi yana fita ta wurin, aikin da zai ƙare cikin awa guda ya zama jinyar watanni. A daina ba shi abinci da sha daga lokacin da aka yanke shawarar tafiya asibiti, don kada cikar ciki ta jinkirta sa shi barci.

'Yar'uwarta da ta fi yawa a mata

Akwai wata ƙofa ƙasa kaɗan da wadda muka yi magana, a saman cinya, gefen babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafa. Ƙabar da ke fitowa ta nan ta fi yawa a mata, musamman tsofaffi da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Ita ma afendis yana shiga cikinta, kuma René de Garengeot, wani likitan tiyata na birnin Faris, shi ya fara bayyana haka a 1731. Na kawo ta ne domin ta fi haɗari a ɓoye. Ƙarama ce, wani lokaci ba ta wuce girman goro ba, ƙofarta ƙunci gare ta kuma ba ta buɗewa, don haka ta fi saurin shaƙewa. Ana yawan ɗaukarta kaluluwa, a yi ta shan magani. Ga kunya, tsohuwa ba za ta so ɗanta ko likita namiji ya duba wurin ba. Duk dattijuwar da ta zo da ciwon ciki da amai, sai na duba saman cinyoyinta biyu, tare da ma'aikaciyar jinya a wurin. In Inna ko Gwaggo ta ce wani ɗan ƙulli ya fito mata a nan yana ciwo, a kai ta a duba.

Shawarar da ake yankewa a kan tebur

Idan na buɗe jakar shaƙaƙƙiyar ƙaba, abu na farko shi ne ruwan da ya fito: launinsa da warinsa. Ruwa garau alamar alheri ne, mai duhu ko mai wari kuwa yana nufin wani abu ya mutu. Sai in riƙe abin da ke ciki da kyau kafin in saki ƙofar, domin da zarar an yanke matsin zai iya sulalewa ya koma ciki ban duba shi ba. In afendis ne, tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce halin da yake ciki. Wasu likitoci biyu, Losanoff da Basson, sun tsara wannan zuwa gida huɗu, kuma tsarinsu ne aka fi ambata.

Idan lafiyarsa ƙalau, a babban mutum, yawancinmu mayar da shi ciki muke yi, mu gyara ƙabar da raga. Mutane kan yi mamaki, su ce tunda ga shi a hannu me zai hana a cire a huta? Dalili shi ne aikin ƙaba aiki ne mai tsabta, ba a buɗe hanji. Da zarar ka yanke afendis ka buɗe hanji, ka shigo da ƙwayoyin cuta wurin da kake shirin shimfiɗa raga. Dattijo kuma haɗarin ya yi ciwon afendis nan gaba kaɗan ne. A nan akwai saɓani. Wasu suna cirewa a matasa, ko idan ya manne sai da aka sha wahalar ɓamɓaro shi har ya ƙuje, kuma kusan kowa yana cirewa idan a hagu aka same shi, domin in ya tashi ciwo wata rana ba wanda zai zarge shi a wannan gefen. A yara ba a maganar raga ko kaɗan, ɗaure wuyan jakar ake yi a yanke.

Idan ya kumbura amma cutar ba ta wuce jakar ba, wanda nake jin shi ne halin Baba, sai a cire shi ta wannan yankan, a wanke wurin sosai, a gyara ƙabar da naman mutum da zare, ba raga. Sharaɗin shi ne gindin afendis ɗin ya sauko inda ido zai gan shi, kuma naman wurin yana da rai yadda zai riƙe ɗauri. In bai sauko ba, ba a ja da ƙarfi, gara a yi wani yankan a sama ko a shiga ciki da kyamara ta 'yar ƙaramar huda.

Idan ya fashe har mugunya ta shiga ciki ko ta bi naman mara, to aikin ya tashi daga na ƙaba ya koma na ceton rai. A buɗe ciki ta tsakiya, a cire afendis, a wanke, a yanke duk naman da ya mutu, a rufe ƙofar ƙabar da zare, wani lokaci a bar fatar a buɗe ana wanki har ta cike. Gida na huɗu shi ne idan aka tarar da wata cuta tare da shi, kamar ƙari a babban hanji, sai a bi da ita yadda ta dace.

Yanzu maganar raga, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai tunda kuɗi kuka sa. Ragar da muke amfani da ita zaren roba ce da aka saƙa, ana shimfiɗa ta a bangon wurin, nama ya tsiro ta cikin ramukanta ya zama garkuwa. Tun da Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Amurka suka yaɗa wannan hanya a shekarun 1980, dawowar ƙaba ta ragu sosai, kuma ƙa'idojin aikin ƙaba na duniya da aka fitar a 2018 raga suka fifita ga manya. Don haka likitan da ya ce ku saya kafin a shiga ya yi daidai, ya shirya wa abin da aka fi tsammani. Matsalar ita ce raga baƙuwa ce a jiki, jini ba ya gudana a cikinta. Idan ƙwayoyin cuta suka zauna a kan zarenta, sukan yi wa kansu wani rufi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsawa yadda ya kamata. Sai ciwo ya ƙi warkewa, ɗan rami ya buɗe yana zubar da ruwa wata da watanni, ƙarshenta a koma tiyata a ciro ragar. Ciro ragar da nama ya riga ya kama aiki ne mai wuya, ga bututun maniyyi da jijiyoyin maraina a manne da ita, kuma bayan an gama ƙabar tana iya dawowa. Duk wanda ya taɓa yin wannan aikin ba ya gaggawar sa raga inda ya ga mugunya.

Gaskiya akwai likitocin da suka sa raga bayan cire afendis mai ɗan kumburi, ba mugunya, suka ba da magani, kuma suka ba da rahoton an warke lafiya. Ban ce sun yi laifi ba. Cutar ba ta da yawan da za a tara ɗaruruwan marasa lafiya a raba su biyu a gwada, don haka abin da ake da shi rahotannin ɗaiɗaikun mutane ne da hankalin likita. Amma mutumin da ya kwana biyu da zazzaɓi kafin ya iso, ra'ayina a fili yake: ba zan sa ba. In an yi kuskure ta wajen ƙin sawa, abin da zai biyo baya ƙaba ce da za a iya sake gyarawa cikin natsuwa. In an yi kuskure ta wajen sawa, jinyar ta fi haka tsawo da tsada. Ragar da kuka saya, in ba a buɗe ledarta ba, hakkinku ce, ku tambaya a ba ku ko a mayar inda aka saya.

Rashin raga kuma ba ya nufin an bar wurin a buɗe. Kafin raga ta zo, da zare aka yi ta gyara ƙaba kusan shekara ɗari. Edoardo Bassini na Italiya ya kafa hanyar a shekarun 1880, inda ake ɗinke naman mara da wata jijiya mai ƙarfi da ke gindin cinya. Hanyar Shouldice ta Kanada, mai ɗinki hawa huɗu, ita ce aka fi yabawa cikin waɗanda ba sa buƙatar raga. Ina jin ɗaya daga cikin irin waɗannan aka yi wa Baba.

Za ta dawo?

Tana iya dawowa, kuma haɗarin ya fi na wanda aka yi wa aiki da raga a ranar da aka tsara, domin an ɗinka nama ne yana kumbure. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa gyaran zare ba ta dawo musu. Wani ɓangare na abin yana hannunku.

A makonnin nan abin lura shi ne ciwon kansa. In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya dawo, ko jakar maraina ta kumbura tana ciwo mai tsanani, ko amai ya taso, ku koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Ɗan kumburi da tauri a ƙarƙashin ɗinkin kuwa abu ne da aka saba, yana ɗaukar makonni kafin ya baje. Ya riƙa tafiya a ƙafa kullum, kwanciya ba ta ƙara wa ɗinki ƙarfi. Salla in ruku'u da sujada suna ja masa wurin ya yi a zaune, ya koma tsaye da zarar ya ji dama. Noma da ɗaukar buhu da jan ruwa a rijiya, ga wanda aka yi wa irin wannan aiki ina cewa a dakata kamar mako 6, sannan a koma a hankali. Na san idan damina ta kama wannan magana tana da nauyi ga manomi, don haka ku 'ya'yansa ku ɗauke masa tun kafin ya ce zai fita.

Sannan a nemi abin da yake sa shi yunƙuri. A shekarunsa na fi zargin fitsari. Ka tambaye shi, ko ka sa wanda ba ya jin nauyinsa ya tambaya: yana daɗewa kafin fitsari ya fito, yana fita a tsinke, yana tashi sau da yawa da dare? In haka ne a duba ƙullin mafitsara da ke girma wa dattawa, domin mai yunƙurin fitsari kullum yana tura ɗinkinsa ne. Haka tsohon tari, wanda in ya wuce mako biyu sai a gwada majina don tarin fuka, da taba in yana sha, da taurin bayan gida.

Kada ku manta da afendis ɗin da aka cire. Ya kamata a ce an sa shi a kwalba an tura ɗakin gwaji, kuma sau da yawa 'yan'uwa ake ba su kai, sai a ga an samu sauƙi a watsar. Ku bi sakamakon. Yawanci kumburi kawai zai nuna. Amma kamar 1 cikin 100 na afendis da ake cirewa ana samun ƙari a ciki, kuma a wanda ya haura 60 wani lokaci ciwon afendis yana zama alamar farko ta wata cuta a babban hanji. A yankunanmu kuma akan ga ƙwan tsargiya a jikinsa, musamman ga masu aikin fadama da shiga ruwa, wanda maganinsa ƙwayoyi ne na rana ɗaya. In Baba yana ramewa, ko jininsa yana ƙasa, ko yanayin bayan gidansa ya canza, ka faɗa wa likitan don a duba babban hanjin da kyamara.

Ranar komawa asibiti ka roƙi likitan ya gaya maka abu uku ka rubuta: halin da ya sami afendis ɗin, ko ya fashe ko bai fashe ba, irin gyaran da ya yi, da kuma ko ya duba gefen hagu, domin mai ƙaba a gefe ɗaya yana iya samunta a ɗayan. In wata rana kumburi ya sake bayyana a wurin, kada a jira ya maƙale. A lokacin babu mugunya, babu gaggawa, za a iya sa raga cikin kwanciyar hankali, kuma inda akwai kayan aiki an fi so a shiga ta ciki da kyamara a shimfiɗa ta ta baya, a kauce wa tabon aikin farko.